Kwana Tara a Gaban Jirgin Malam Kyari

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Malam Kyari, wanda ya koyar da lissafi a kolej ɗin Gure har kansa ya yi furfura. Masu ta'aziyya sun yabi haƙurinsa da riƙon sallarsa, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da ke dawo mini duk shekara wasu kwanaki tara ne, da maganar da na faɗa masa a cikinsu.

Yana da tsohuwar kwamfuta a ɗakin karatunsa, ordinatar yake ce mata. Wata rana ya dawo daga Damagaram da faifan wasa mai araha da ya saya a bakin kasuwa. Wasan jiragen yaƙi ne na zamanin da, masu farfela a hanci. Hoton ba kyau, duwatsu kamar yankan kwali, in harbi ya yi yawa sai na'urar ta cije. Bai damu ba. Bayan la'asar zai gyara tabarau, ya tada jirgi da maɓallan rubutu, ya zagaya, ya sauka. Saukar ce daɗinsa. Ba ya harbi sai dole, shi ya sa kullum ake kakkaɓo shi yana dariya.

Ɗanmu Bukar soja ne a lokacin, an tura su gabas. Duk Juma'a bayan masallaci yakan kira mu. Wata Juma'a bai kira ba. Asabar muka kira, waya a kashe. Ranar kasuwa labari ya shigo gari cewa wata motar sojoji ta taka nakiya, ba wanda ya san ko su wa ke ciki. Malam ya je bariki, aka ce ya koma gida, za a neme shi in akwai magana. Ya koma washegari, amsar ba ta canza ba.

Daga nan ya shiga ɗaki ya kunna wasan. Ba bayan la'asar kaɗai ba, tun hantsi, salla kawai ke tada shi. Kuma mutumin da ba ya harbi ya koma harbi. Ina tsakar gida da waya a cinyata, duk babur da ya tsaya a ƙofa gabana ya faɗi, ga ƙarar bindiga na fitowa daga ɗakin mijina. Maƙwabta na shigowa jaje suna jin ta, suna sunkuyar da kai.

Rana ta shida na kasa daurewa. Na shiga na fizge wayar wuta daga bango, na ce masa, "Malam, ana kashe 'ya'yan mutane, wataƙila har da naka, kai kana nan kana wasa da kisa. Ashe haka zuciyarka take?"

Bai ɗago ba. Hannuwansa na kan maɓallan, na juya na fita cikin fushi. Kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Yana zaune a zaure, abinci na komawa yadda na kai shi.

Rana ta tara da azahar waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na kasa ɗauka, na miƙa masa. Wani ma'aikacin asibiti ne daga Damagaram, ya tambaya ko nan ne gidan su Bukar Kyari. Malam ya ce nan ne, ya dafa bango. Mutumin ya ce Bukar na da rai, amma an yanke masa ƙafar hagu.

A mota kan hanyar Damagaram, mun wuce garin Gidimuni, Malam ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. "Maman Bukar, in na bar hannuna ba aiki, gawarsa nake gani. Abin da na samu ke nan na riƙe."

Na yi niyyar neman gafararsa in mun isa. Muka isa, jinya ta ɗauke mu, watanni suka wuce, na ga kamar maganar ta mutu. Bai sake kunna wasan ba. Bayan shekara biyu hawan jini ya kayar da shi a aji, bai farfaɗo ba, ni kuma ban nemi gafarar ba.

Yau yara na irin wannan wasa a wayoyinsu, hoto tar kamar gaske, kuma ana maganar jiragen da ke kai hari ba matuƙi a ciki. Nakan tambayi kaina ko Malam zai yi sha'awarsu. Ina jin zai karɓi waya ya gwada sau ɗaya, ya mayar. Yaƙin ya riga ya shigo masa gida.

Littattafansa na ba ɗalibansa. Abin da ya rage mini nasa a jikin Bukar yake, wanda yanzu ke gyaran rediyo a kasuwa. Watan jiya matarsa ta yi doguwar naƙuda, ungozomomi suna shiga suna fita ba mai ce mana komai. Shi kuwa ya jingine sandarsa a baranda, ya ciro wata rediyo lafiyayya daga jaka, ya shiga kwance ta. Gwaggonsa ta yunƙura za ta yi masa faɗa. Na riƙe mata hannu, na ce ta ƙyale shi.

Allah Ya jiƙan Malam Kyari, Ya sa ya yafe mini.