Sallahun Agege a Jirgin Shata

Ina cin tuwo Baffa ya ce zai yi shatar jirgin sama, sai da loma ta sarƙe ni. Baffa ƙanin mahaifina ne, dillalin shanu a Abbatuwa, mutumin da ko kuɗin danfo, motar haya, sai ya yi ciniki. Amma a shekarar kasuwar layya ta yi masa kyau, ga kuma Kaka, mahaifiyarsu, ta tasa shi gaba: ita lallai sai ta je ta ga ƙanwarta a ƙauyensu, can gefen Katsina. Ƙugunta ya ƙi, likita ya hana ta doguwar tafiya a mota. Jirgin haya kuwa ta ce ba za ta yini a kujera ana ɗaga mata lokaci ba.

"Kai ne ɗan boko," in ji Baffa. "Nemo mana jirgi. Da kai za a tafi."

Da ni! Ni da nake sayar da waya a Ikeja, jirage na wucewa ta saman kaina tun ina yaro, ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Wayyo daɗi! Na so in riƙe bakina, amma kafin la'asar har mai shayin bakin layinmu ya sani. Na kai sabuwar shadda ɗinki, na ce wa tela ya cika aiki a wuya.

Muka je ofishin wani dillalin jirage kusa da filin jirgi. Ya fara da tambayar inda za mu sauka. Ya ce Kano ta fi sauƙi, jirage sun fi zuwa can. Na ce in mun sauka Kano sai an sake jijjiga tsohuwa a mota, an gudu ba a tsira ba ke nan. Na harɗe ƙafa na ce a kai mu Katsina, kamar wanda ya saba zaɓen inda jirgi zai sauke shi.

Sai ya juyo mana da kwamfuta, ga hotunan jirage. Baffa ya gyara zama kamar yana kara, kasuwar shanu. Ya nuna babban ya ce, "Wannan bajimi ne." Ya nuna ƙaramin ya taɓe baki: "Wannan kuwa maraƙi." Ya tambayi shekarun kowanne, ya tambaya ko sun taɓa ciwo. Da jirgi na da haƙori da ya sa an buɗe masa baki. Da aka faɗi kuɗin bajimi, Baffa ya shafa gemu, ya ce ai maraƙin ma nama ne. Mu huɗu ne dama: Kaka, Baffa, Goggo mai jinyarta, da ni.

"Oga, kaya fa?" in ji dillalin. "Ƙaramin ba ya son nauyi o."

"Jaka ɗai-ɗai ce," na ce. Kuma a lokacin gaskiya na faɗa.

Sai Kaka ta fara sallama da unguwa. A Agege kuwa ba ka cewa za ka Arewa ka tafi da hannu biyu. Duk mai ɗan'uwa a hanya sai ya ba ka sallahu, kuma ƙin karɓa abin kunya ne. Mata suka yi ta sallama. Wannan jarkar manja ce, a ba uwata. Wannan garin kwaki ne. Wannan atamfa ce daga kasuwar Idumota, ta auren ƙanwata. Ga busasshen kifi, ga robobi, ga kan keken ɗinki. Maƙwabciyarmu Bayarabiya ta kawo garin alabo, wai a kai wa 'yarta da ke aure a Funtuwa. Mai gadin layinmu, mutumin Nijar, ya kawo rediyo a kai wa yayansa a Maraɗi, ya ce ai daga Katsina taku ɗaya ne. Wani tsohon falke ya aiko da huhun goro guda. Kaka tana zaune a tabarma tana cewa, "Ajiye nan, Allah ya kai mu."

"Amarya," na ce mata, don haka nake tsokanarta, "jirgi ne fa, ba tirela ba."

"Maigida, rufe mini baki. Jirgin da ke kai alhazai Makka ne zai kasa da manja?"

Ranar tafiya muka isa filin da hantsi, a-kori-kura na bin mu a baya. Ɓangaren masu shata daban yake, ba layi, ba turereniya. Aka ba mu shayi a kofin tangaran. Shaddata na ƙara saboda sitaci. Na ɗauki hoto da jirgin ta gaba, na ɗauka ta gefe, na ɗauka ina dafe da fiffike, na tura wa duk wanda ya taɓa raina ni. Na leƙa ciki na zaɓi kujerata, ta jikin taga, fata mai laushi kamar tsokar kifi.

Sai aka fara ɗora kaya a sikeli. Matuƙin ya duba, ya sake dubawa, ya kira ni gefe da Turanci. Ya ce wuri za a iya dabara, amma nauyi ya wuce, kuma abin da ya ɗoru ya kai na ƙato guda. Ko a rage kaya, ko a rage mutum.

Na fassara. Baffa ya yi dariya. "Gaya masa a tirela in an ce ta cika, shanu biyu ake ƙarawa. Ya taushe kawai."

Matuƙin ya ce a gaya wa Alhaji tirela in ta gaji gefen titi take samu ta tsaya. Baffa ya nemi ragi, ya ce a zubar da ɗan mai. Har "abeg" sai da ya yi. Ko gezau.

Na durƙusa gaban keken guragun da aka turo Kaka a kai, na ce abu mai sauƙi ne: a bar goro da keken ɗinki da manja, gobe in sa su a mota. Ta ce a hannunta aka danƙa, ba a hannun direba ba. Ta dubi Baffa, shi ya biya. Ta dubi Goggo, ita ke tayar da ita. Ta dubo ni tun daga hula har takalmi.

"Maigida, kai ne mai tumbi."

"Haba Amarya! Ni na zaɓi jirgin nan fa! Duk Agege ta san zan tafi!"

Raina ya ɓaci sosai, har idona ya kawo ruwa, ƙato da ni. Ta kama hannuna ta jawo ni kusa, ta rage murya yadda Baffa ba zai ji ba.

"Kai jirage na nan suna jiranka. Ni kuwa tun ina amarya nake kai wa mutanen nan saƙo, wannan ne na ƙarshe. Ba dawowa zan yi ba. Kada ka sa in bar Agege da kayan mutane a ƙasa."

Ni da kaina na ɗauki huhun goron na hau da shi. Na zaunar da shi a kujerar jikin taga, ma'aikaciyar jirgin ta ɗaura masa bel. Kaka ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce ga sabon maigida ta samu, wanda ba ya musu. Ta dafa kaina ta sa mini albarka, na sauko.

Na tsaya har maraƙin Baffa ya shige gajimare, sannan na tari danfo. Ina sauka a bakin layinmu mai shayi ya hango shaddata, ya daka tsalle.

"Har ka dawo? Kai, jirgi! Jama'a ku zo ku gani, har ya je Katsina ya dawo! Ina Hajiya?"

Na ce masa ta tafi gida, na shige layinmu.