Yaya Herlinda, an gwada jinin bodari an bar naki

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, zuciyar yayata Herlinda Quintanilla ta tsaya. A bayan gidanta ta faɗi, can wajen garin Uvalde a jihar Texas ta Amurka, da kwanon abincin dabbobi a hannu. Shekararta hamsin da takwas.

Yaya, shekara ashirin da shida kina ɗaukar abin da kowa ke toshe wa hanci. Duk bodarin da mota ta take, ke ake kira. In mai shayarwa ce, ki bi sawu har rami ki kwaso 'ya'yan, ki riƙa ɗura musu madara da sirinji. Mijinki Eusebio yakan tare ƙofa da gwangwanin ruwan tumatir na wanke warin bodari: "Baiwar Allah, wanka tukuna, ko ki koma gareji wurin 'ya'yanki!" Ki ce shi ma ai ba turare ba ne.

Matattun kuwa, ki ciro zuciyarsu ki sa a ƙanƙara, ki aika wa masu bincike a jami'a. Ke kika nuna mini zuciyar bodari ta kumbura ta saki kamar ruɓaɓɓen lemo. Kika ce cutar Chagas ce, wani ƙwaro mai shan jini ke yaɗa ta, wanda ke ɓuya a tarin itace da ɗakin karnuka.

Da ƙafafunki suka fara kumbura, numfashi yana gagarar ki, kin gane cutar ce. Gwajin jini kawai kika roƙa. Sau uku ina raka ki asibiti, sau uku tambaya ɗaya, don a ganinsu a ƙetare kaɗai ake kamuwa da ita: "Kin taɓa zama a Meziko, ko gaba da can?" Kika ce a Texas aka haife ki, haka ma kakarmu. Likita ya rufe fayil: "To, ba ita ba ce. Hawan jini ne, ki rage gishiri." Kika ce, "Likita, bodarin bayan gidana ma ba shi da fasfo." Ya yi murmushi. Ban yafe murmushin nan ba, kuma ba na jin zan yafe.

Kaico! Jinin bodari mako biyu an gama gwada shi. Naki sai da kika shekara huɗu kina naci, kafin wata sabuwar likita ta ɗiba a ƙarshen Satumba.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya ba ki hutun da kika rasa a nan. 'Ya'yanki Noemi da Graciela, Allah ya ba ku haƙuri. Kai kuma Eusebio, Allah ya sanyaya maka, domin kai ka buɗe ambulan ɗin sakamakon gwajin da ya iso kwana tara da binne ta. Takardar ta ce tana ɗauke da cutar, ta hanzarta ganin likitan zuciya.