Baƙin Man Bappa

Shekarar da maigidanmu ya sayo injin nan mai hannu, na sha haushin da ban taɓa shan irinsa ba. Garejin walda ne a bayan Manawashi, muna haɗa tankunan ruwa da bodin motoci na alminiyam. Maigidan ya je ƙasar waje ya ga inji yana walda ba tartsatsi ba hayaƙi, ya dawo ya ce sai ya kawo irinsa Gombe. Ni aka tura na koyo sarrafa shi, don ni ne na ɗan taɓa boko a cikinmu.

Dogon hannu ne na ƙarfe, a bakinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini da muke ce wa haƙori. Haƙorin yana juyawa da gudu, hannun ya danna shi inda fallen alminiyam biyu suka haɗu, guga ta sa wurin ya yi zafi ya yi laushi, sai ya bi layi yana cakuɗa su kamar ana tuƙa tuwo. In aiki ya canza, da kansa zai je ma'ajiyarsa ya ajiye haƙori ya ɗauki wani. Kuma yana auna ƙarfin dannawarsa. Da zarar awon ya kauce, sai ya tsaya cak ya kunna jar fitila.

To, jar fitilar nan ita ta kusa haukata ni. A fara aiki lafiya lau, ya canza haƙori, kafin ya yi taku ɗaya, jar fitila. In ma ya daure ya ƙarasa, a zuba ruwa a tankin ka ga yana tsatsafowa ta ɗinkin. Na zargi wuta, na zargi janareta, na kwance teburin injin na sake ɗaurewa. Har zaginsa na yi a gaban mutane, ni da gemuna ina faɗa da ƙarfe! Ran nan maigida ya taso daga GRA, ya tsaya ya dubi tankunan da aka dawo mana da su, ya ce, "Ko dai kai ne ba ka iya ba, ko kuma wani yana taɓa injin nan. In na gano mai taɓawa, ranar zai bar garejin nan, ko wane ne."

Bappa yana zaune a kan bencinsa lokacin, har da gyaɗa kai. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni a gidansa a Barunde, shi ya fara damƙa mini kan walda a hannu. Duk garejin ba wanda ya kai shi daɗewa. Hasken walda ya ci masa ido, kuma tun zuwan injin aikinsa ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage masa shi ne gwangwaninsa na baƙin mai, wato tsohon man da ake juyewa daga mota, da gashin kaza a ciki. Kullum da safe sai ya bi duk wani ƙarfe da ke garejin ya shafa masa, tun daga almakashi har ƙyauren ƙofa. Haka aka koya masa, haka ya koya mana.

Wata safiya na ciro haƙori ɗaya na ji yana santsi, ga ƙura ta manne a gindinsa. Na sunsuna yatsana, na ji warin baƙin mai. Washegari na yi sammako, ai kuwa na tarar da Bappa a durƙushe gaban ma'ajiyar, yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gashin kazarsa, a hankali, har da ɗan waƙe-waƙensa.

Na ce, "Bappa, ina kwana. Don Allah wannan kam ba a sa masa mai."

Bai ko ɗago ba ya ce, "Ɗan nan, akwai ƙarfen da ba ya son mai?"

Na yi masa bayani. Na ce da guga yake aiki, mai kuwa yana kashe guga. Na ce ƙura tana mannewa, haƙorin ba ya zama daidai, awon ya rikice, man kuma ya shiga ɗinkin ya ɓata shi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ni dai na ji kukan da yake yi. Ƙishi ne."

Ƙishi! Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Da wani ne, da tuni na wanke shi tas. Amma wannan mutumin ne ya sayo mini takalmin makaranta. Na haɗiye, na wanke haƙoran, injin ya yi aiki ranar kamar ba shi ba. Kwana biyu Bappa ya bari, sannan ya koma. Na roƙe shi a gareji, na bi shi gida na roƙe shi bayan mun ci tuwo. Sai ya ce to, da safe kuma tausayin ƙarfen ya kama shi. Ga maigida kullum yana tambayata ko na gano wani abu, ni kuwa ina ta kame-kame. In na faɗa, Bappa ya tafi, kuma mutum mai irin idonsa ba garejin da zai ɗauke shi. In na yi shiru, tankuna su ci gaba da yoyo har gaskiya ta fito da kanta.

Da na rasa yadda zan yi, sai na haɗa keji na waya na kewaye ma'ajiyar, na bar wa hannun hanyarsa ta sama, na sa kwaɗo a ƙofar. Na ce wa maigida saboda ƙura ne, ya ce na kyauta.

Da safe ina tsaye Bappa ya iso da gwangwaninsa. Ya shafa kejin da hannu har ya kai ga kwaɗon. Ya daɗe yana riƙe da shi. Kowa a garejin ya san mutum ɗaya ne aka yi wa kejin nan, shi ma ya sani. Na shirya wa faɗa, har na fi son ya zage ni. Sai kawai ya tsoma gashin kazar, ya ɗiga mai a ramin makullin, ya goge da bakin rigarsa.

"Damina na zuwa," in ji shi. "Kar ya cije maka, Injiniya."

Jar fitila ta daina kunnuwa, tankuna suka daina yoyo, Bappa bai rasa aikinsa ba. Har yau yana zuwa, yana shafa wa ƙyaure da almakashi mai, kuma ba ya tsallake kwaɗona. Amma tun daga safiyar nan bai sake ce mini ɗan nan ba, ko a gida. Injiniya yake ce mini, har in zai miƙo mini ruwan wanke hannu.