Aikin Ƙarshe na Ba-Ɗigo

Babana ya yi shekara arba'in da ɗaya yana aikin littattafai, kuma ina iya rantsuwa bai taɓa karanta ko ɗaya a cikinsu har ƙarshe ba. Ya iya karatu sarai, aikin ne ya hana shi. A maɗaba'ar da muke, shi ne mai tsabtace shafi kafin a kai shi inji. In tawada ta fantsama a inda ya kamata ya zama fari, ya sa bakin reza ya kankare. In farin tabo ya fito a tsakiyar baƙi, ya ɗauki siririn buroshi ya cike shi. Kuma a juye yake duba shafi, kai a ƙasa. Ya ce in ka miƙe shafi, ido zai bi labari ya manta da datti. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Ba-Ɗigo, sunan ya biyo shi har gida, har maƙwabta ba su san wani ba.

Teburinsa yana can ƙarshen ɗaki, kusa da taga, mai gilashi a sama da fitila a ƙasa. Gwangwanin madara ɗaya na buroshi, kwalin ashana ɗaya na reza, gilashin ƙara girma rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Mutum ne mai wadatar zuci. Ba ya neman ƙarin matsayi, ba ya shiga gulma, yana aiki yana wata 'yar waƙa ta hanci wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai a duniya, shi ne tabo. Kalandar da aka ba mu kyauta ma sai da ya sauke ta daga bango ya gyara mata lamba takwas kafin ya iya cin abinci a falon.

Ni ce autarsa, kuma shekara tara ke nan ina aiki a wurin, a kan kwamfuta nake jera shafuka. Kullum muna cikin musu. Ni in ce zamani ya wuce reza, shi ya ce kwamfutata ba ta da kunya, komai ta gani gogewa take yi.

Bara ne Manaja ya kawo shawarar a tattara wani tsohon labarin zane a sake buga shi. Mujalla ce da ta riƙa fitowa wata-wata lokacin iyayena suna yara, fitowa ashirin da huɗu, ya ce a haɗa su littafi uku don yaran yanzu da ba su taɓa ganinta ba. Labarin wani birni ne na can gaba, inda hayaƙin masana'antu ya rufe sama ruf tun kaka da kakanni. Masu mulki sun ce babu komai a bayan hayaƙin, sun hana kowa ɗaga kai, har hula mai faɗin baki suka tilasta wa mutane, wasu injuna masu dogayen ƙafafu kuma suna sintiri suna kama duk wanda ya kalli sama. Jarumar labarin mace ce mai goge fitilun titi, wadda aikinta ya sa dole ta hau tsani.

Mai zanen ya daɗe da rasuwa, zanensa na asali kuma ya ɓace. Sai aka yi sanarwa, mutane suka riƙa kawo tsofaffin mujallun daga ƙarƙashin gado da gindin akwati, wasu da warin danshi, wasu ɓera ya ɗanɗana. Na ɗauki hoton kowane shafi, na ce bari in nuna wa tsohon nan aiki. Kwamfuta ta goge datti, ta haɗa da siraran layukan fuska, mutanen suka koma kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Manaja ya duba ya ce, "Auta, miƙa wa Baba." Na buga masa shafukan manya-manya a takarda mai kauri, ina cika ina batsewa, shi kuwa har da gyaran murya.

Dama ya riga ya ce ƙarshen shekara zai ajiye aiki, don hannunsa ya fara ɗan rawa. Ya shafa shafin farko, ya juya shi kai a ƙasa, ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. So nake a nemi ɗigo da fitila a rasa."

Wata biyar ya yi a kai. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne saman birnin, domin baƙi ne ƙirin, takardar da can kuma mai araha ce, fararen tabo ko'ina kamar an watsa gishiri. Kwalbar tawada goma sha ɗaya ya ƙarar. Da ya gama, samaniyar ta fito sumul, ni kaina da nake neman abin kushewa ban samu ba.

Ranar wata Asabar da rana ya zo gida da kwafin gwaji na littafi na uku, a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Mama tana kan keken ɗinkinta a falo. Ta daɗe tana jiran littafin nan, don ita da yayarta, Allah ya jiƙanta, sun karanta mujallar suna 'yan makaranta. Sai da ya sa ta wanke hannu ta goge kafin ya miƙa mata. Ta gyara tabarau, ta wuce kai tsaye shafin ƙarshe. Ta daɗe tana kallo. Ta koma baya, ta sake dawowa.

"Malam," ta ce, "ina taurarin?"

"Waɗanne taurari?"

"Taurarin mana. Kowace fitowa, hoton ƙarshe sama ne. A ta farko akwai ɗan farin ɗigo guda ɗaya. A ta biyu, biyu. Haka har ashirin da huɗu. Hayaƙin ne ke raguwa a hankali, ba wanda ya faɗa a labarin, sai dai ka gano da kanka. Ni da Yaya har tsere muke yi wa zai fara hango sabon."

Ta juyo mana da shafin. Mai goge fitilu tana tsaye a kan rufin gini, ta cire hularta, ta miƙa hannu sama, tana ce wa mutanen da ke ƙasa, "Ashirin da huɗu. Ku ɗaga kai, ba ni kaɗai nake gani ba." A samanta kuwa babu komai sai baƙin da Baba ya shafe da hannunsa.

"Ka mayar da ita mahaukaciya," in ji Mama. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. "Duk yaron da ya karanta wannan zai ce masu mulki ne ke da gaskiya."

Baba ya ƙura wa shafin ido. Shayin da aka zuba masa ya huce a gabansa.

Nan zan faɗi laifina. Ni ma na karanta labarin a kan kwamfuta, a gurguje, ban lura da komai ba. Kuma ranar Laraba za a yi farantan da ake ɗora wa inji, daga nan ba gyara. Ba wanda ya sani a maɗaba'a, har Manaja. Na dubi tsohon nan da ya yi shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa dawo masa da shafi ba, tausayinsa ya kama ni, na ce, "Baba, a bar shi haka mana. Wa zai sani?"

"Ni," in ji Mama, ta ci gaba da taka kekenta.

Washegari da hantsi na same shi a baranda da tsofaffin mujallun ashirin da huɗu a gefensa, ya je ya karɓo makulli wurin mai gadi ya kwaso su. Abin da ya tsayar da ni a bakin ƙofa shi ne yadda ya riƙe su. A miƙe. Yana bin magana da yatsa, leɓensa yana motsi. Wajen fitowa ta tara na ji ya ce, "Kai, wannan injin mugu ne!" Bai tashi ba sai da rana ta yi sanyi. Ya rufe ta ƙarshe, ya cire gilashin wuyansa ya goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa ko da yake ba abin da ya same shi.

Ranar Litinin bai ko zauna a teburinsa ba. Ya wuce ofishin Manaja, ya bar ƙofa a buɗe, mai inji da mai yankan takarda duk suna ji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi ɓarna. Na goge abin da ba datti ba ne." Manaja ya saurara, ya dafe kai, sannan dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ya ce, "Baba, wato ƙwarewa ce ta yi yawa." Ya ba mu kwana goma.

Tauraro ɗari uku ne in ka haɗa su duka, kuma matsalar ita ce a tsohuwar takarda tauraro da datti kamarsu ɗaya. Baba ne ya samo dabara. Ya riƙa ɗora kwafi biyu na fitowa ɗaya a kan gilashinsa, ya kunna fitilar ƙasa. Datti kowane kwafi da nasa, tauraro kuwa yana wuri ɗaya a duka biyun. Na ce ya nuna min wuraren in saka su da kwamfuta, rabin awa ya ishe ni. Ya ce, "Hannun da ya goge shi zai mayar." Ya ɗauki sabuwar reza, ya riƙa kankare tawadarsa da tsininta har farin takarda ya leƙo. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana farautar ɗigo, ga shi yana shuka su ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje. Mai inji yana wucewa yana cewa, "Yau kuma Ba-Ɗigo ne ke raba ɗigo?" Baba ya ce ya je ya wanke hannunsa tukuna.

A fitowa ta goma sha bakwai muka cije. Kwafi ɗaya tak muke da shi, ɓera kuma ya cinye kusurwar sama. A ta sha takwas akwai taurari biyu a wannan kusurwar da babu su a ta sha shida, amma wanne ne ya riga fitowa? Na ce a zaɓi ɗaya kawai. Baba ya harare ni, ya aika a ɗauko Mama.

Ba ta taɓa taka maɗaba'ar ba sai ranar. Ya share mata kujerarsa, ya rataya mata gilashinsa a wuya. Ta sunkuya ta duba, ba ta ɗauki minti ɗaya ba ta ɗora yatsa. "Wannan na kusa da bututun hayaƙi. Yaya ce ta riga ni ganinsa, tana kwance ba lafiya, na kai mata mujallar har gado. Sati guda tana min gori." Ta yi dariya, ta share ido da gefen hannu. Baba ya kankare wurin a hankali. Hannunsa ya ɗan yi rawa, tauraron ya fito da ɗan tsawo ta gefe guda. Ya miƙa hannu zai ɗauki buroshi ya gyara, Mama ta riƙe masa hannun riga ta ce ya bar mata shi haka.

Littattafan sun fito, sun kuma karɓu. Yanzu Baba yana gida, yana karanta duk abin da ya samu, har takardar cikin kwalin magani, yana damun Mama da ba ta labarin da ta riga ta sani. Ni na gaji teburin, kuma na daina zagin reza, a gabansa dai.

Ranar da ya zo kwashe gwangwaninsa da kwalin ashanarsa, wata malamar makaranta ta shigo wurin da muke sayar da littafi a gaba, riƙe da na farko da ta saya wa ɗalibanta. Ranta a ɓace. Ta buɗe shafin ƙarshe na fitowa ta uku ta ce bugun bai fita ba, ga wasu fararen ɗige-ɗige har uku a cikin baƙi, a canza mata. Na buɗe baki zan yi bayani, Baba ya ture ni gefe. A shekara arba'in da ɗaya, wannan ne karo na farko da aka dawo da shafinsa saboda tabo, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ta washe haka ba.

"Uku ko?" ya ce. "Madalla, idonki lafiya lau. Koma baya ki duba ta biyu, 'yata, ki faɗa min nawa ne."