Laure ta Gulma da Furannin Ƙyalle

An haifi Laure a Gulma, can ta yi aure, can kuma ta haifi 'ya'yanta biyar. Sana'arta gumi: ta jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a sussuka ba, ta turara a rabin duro, ta shanya a tabarmi kafin a kai inji. Shekara kusan talatin tana bakin murhu. A shekarar da mijinta ya rasu tari ya kama ta, ya ƙi tafiya. Likita a Argungu ya duba hoton ƙirjinta, ya ce ba tarin fuka ba ne, hayaƙi ne, kuma in tana son numfashinta ta rabu da murhu.

Autarta Hanifa, malamar firamare da ke aure a unguwar Gesse a Birnin Kebbi, ta ɗauke ta zuwa can. Gidan siminti ne, da gas ake girki, ba kaji ba akuya. Da safe kowa ya fita, a bar ta da rediyo. Ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta rame, kuma takan share tsakar gida sau uku a yini.

A lokacin Hanifa na shirya wa 'yan ajinta aikin hannu, katin barka da Sallah da za su kai wa iyayensu. Ta karɓo ƙyallaye wurin wani tela, tana bin wani bidiyo a waya tana naɗa jan ƙyalle ya zama fure. Laure ta daɗe tana leƙawa.

"Wanga hure, ina aka ganinai?"

Hanifa ta ce na ƙasashen waje ne, ita ma a hoto ta san shi. Washegari da Hanifa ta dawo daga makaranta, ta tarar da furen bado a kan faifai, irin wanda ke rufe tabkunan fadama bayan damina. Da ragowar farar shadda aka yi shi, an yanka kunnuwan sirara masu tsini, an jera su hawa uku, tsakiya an tufke zare rawaya. Ƙyallen ya tsaya ƙyam, don ta tsoma shi a ruwan ƙaro ta shanya kafin ta yanka.

Daga bado ta koma furen kuɓewa mai jan ciki, sai na kabewa. Na albasa ya ba ta wahala. Ƙwallo ne na ƙananan furanni barkatai, ta yi mako biyu tana ƙulla farin zare tana warwarewa kafin ya yi kama.

Mijin Hanifa ya nuna wa abokinsa Musaddiq, mai shagon buga katin biki kusa da babbar kasuwa. Musaddiq ya zo har gida, ya durƙusa ya gaida ta, ya juya furen a tafin hannu, ya ce aikin ya yi kyau amma ya cika tudu, ba zai shiga ambulan ba. Laure ta rage hawa ɗaya, ta daina ƙulli a baya, ta riƙa danne kowane da dutsen guga ta bayan tsumma mai laima. Ya fara karɓar ashirin, talatin, yana manna su da gam a katunan walimar sauka da na suna.

A daminar 2020 ruwa ya cinye shinkafar fadama. Laure ta je Gulma jaje, ta tarar matan da suka yi gumi tare suna zaune, ba abin turarawa. Tana can Musaddiq ya kira wayar Hanifa: wani ɗan kasuwa zai aurar da 'ya'ya uku rana ɗaya, yana son kati ɗari huɗu, kowane da bado, cikin kwana goma sha biyu. Hanifa ta kira Laure ta faɗa mata, ta ce a ba shi haƙuri, hannu ɗaya ba zai iya ba. Laure ta ce a amsa masa.

Ta tara mata bakwai a zauren ƙanenta. Ma'u, maƙwabciyarta ta dā, ita ke yanka don hannunta ba ya rawa. Sauran suna jerawa suna ɗinkewa, Laure na sa tsakiya tana gugewa. Almakashi biyu ne kawai a tsakaninsu. Ranar ta goma sha ɗaya ta shirya furannin a gwangwanayen madara, ta hau mota zuwa Argungu, daga nan ta kama ta Birnin Kebbi.

Musaddiq ya zazzage su a tebur yana warewa gida biyu. Ya ture sama da ɗari gefe. Ya ce waɗannan ba su yi daidai da sauran ba, wasu sun fi faɗi, wasu kunnuwansu sun karkace, kuma mai bikin mutum ne mai duba abu.

"Da hannu munka yi su, ɗana," in ji Laure. "Ko a tabki ba ka samun biyu iri guda."

"Na sani, Inna. Amma shi ba tabki ya yi oda ba."

Ta kwashe waɗanda ya ture ta mayar a gwangwani. Shi kuma ya cike gurbin da furannin roba da ake kawowa daga Kano, mai bikin bai ce komai ba. Tun daga nan duk babban aiki na roba yake sawa, nata sai idan wani ya nema da suna. Shi da Laure ba su ɓata ba. Furannin da ya ture kuwa matan Gulma suka raba, aka ɗinka wa yara mata a ɗankwali da Sallah.

Laure ba ta koma Gesse da zama ba. Ta ce tarin ya lafa, kuma ƙanenta ya ba ta ɗaki nesa da madafa. Cikin matan bakwai biyar sun koma gumi da shinkafa ta dawo. Ma'u da wata Balaraba suka tsaya, su ukun suna yin na katuna, da na kwalliyar akwatunan lefe da wani mai shago a Argungu ke karɓa.

Bara wata makarantar 'yan mata a Argungu ta gayyace ta ta koya wa ɗalibai. Aka tsayar da ita gaban allo, aka miƙa mata alli. Ta riƙe shi jim kaɗan, ta ajiye, ta nemi tabarma. Ta zauna ta yi furen kuɓewa tun daga yanka har guga ba tare da ta yi bayani ba, 'yan mata arba'in na tsaye a kanta. Da aka tashi, malamar ajin ta tambaye ta ko za ta dawo wani makon. Laure ta ce sai ta ga yadda ƙafarta ta kwana. Ta je sau biyu bayan nan.