Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Rani ne, tumatir ya fara ja a gonakin bakin kanal ɗin da ke kawo mana ruwan noma, amma shekarar ba ta da armashi. Tsutsa ta kama ganye tun yana ƙarami, ruwa kuma sai mun yi ta jira kafin layinmu ya zo. Kowa a garinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, fuskarsa a ɗaure take. Ni dai an san ni da sanyi. Ko a ajin yaƙi da jahilci, inda na koyi wannan rubutun da girmana, sai malamarmu ta matso kusa kafin ta ji abin da nake karantawa. To a wannan ranin ne na yi fushin da har yau in na tuna nakan ji ya dawo mini sabo.

Ɗana na fari ya rasu shekarun baya, zazzaɓi ne bai daɗe yana jinya ba. Ya bar 'ya mace guda, tana hannuna tun da uwarta ta yi wani auren. Sunan kakansa aka sa masa, wato mahaifin maigidana, don haka kunyar sunan ta zama mini biyu: ga na suruki, ga na ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba. In zan kira shi sai in ce "kai", ko "wannan yaron". In ana yabonsa a gabana sai in tashi in kama wani aiki. Haka na taras iyayenmu suna yi, ban kuma taɓa ganin aibun abin ba.

Wan maigidana ma yana da ɗa, sa'an ɗana, shi ma sunan tsohon ya ci. Suna kama sosai, tsayi ɗaya, goshi ɗaya. A cikin gari ba mai ruɗewa, kowanne da laƙabin da abokai suka liƙa masa. Amma a takardun ƙungiyar manoman rani ba a sa sunan uba, sunan mutum da na garinsu kawai ake rubutawa, saboda haka a takarda su biyun ba su da maraba. Shi wannan ɗan wan mijin nawa yanzu shi ne shugaban ƙungiyar, kowa Ciyaman yake ce masa, kuma shi ke tsara wanda za a sakar wa ruwa yau da wanda zai jira.

A farkon ranin wasu mutane suka zo daga birni, wai tarihin noman rani suke tattarawa. Aka ba su ɗaki a ofishin ƙungiya. Suna karɓar tsofaffin hotuna da takardu, suna naɗar muryar dattawa, suna zuba komai a kwamfuta. Wata rana Ciyaman ya shigo gidanmu da wata budurwa daga cikinsu, mai fara'a, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Na buɗe akwatina na ɗauko hotunan da nake ɓoye a ƙarƙashin zannuwa. Na shekarar da kachala ta toshe ƙaramin kanal ne, ciyawar nan mai tsayi da ke hana ruwa wucewa. Yaron nan nawa shi ya bi gida gida ya tara samari aka yi gayya, shi ne a gaba, ruwa har ƙirji, laka har hula, lauje a hannunsa na hagu.

Ta ɗaga hoto guda ta ce, "Mama, wane ne wannan?"

Na kawar da kai na yi 'yar dariya. Na ce, "Mai sunan Baba ne."

Sai Ciyaman ya faɗa mata sunan. Da kunnena na ji, daidai ya faɗa. Har na gode masa a zuciyata da ya ɗauke mini nauyi.

Bayan wani lokaci aka kai 'yan makarantar firamare su ga abin da aka tara. Jikata tana cikinsu. Tun da safe take ta rawar kai, ta riga ta cika 'yan ajinsu da labarin ubanta. Da ta dawo ba ta ko kalli kwanon abinci ba, ta zauna a bakin ƙofa da jakarta a baya.

Na ce, "Ke, yau kuma wa ya taɓa mini 'yar tsohuwa?"

Ta ce, "Kaka, ba kin ce babana ne ya shiga ruwa ya sare kachala ba?"

"Shi ne."

"To a can an rubuta Baba Ciyaman ne. Duk hotunan. 'Yan ajinmu suna ta yi mini dariya, wai na je na aro uban wasu."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai take, irin kallon da ake yi wa wanda aka fara zargin ya yi ƙarya. Yarinyar nan ba ta san fuskar ubanta ba sai a hotunan nan.

Na yafa mayafi na tafi ofishin, abin da ban taɓa yi ba. Budurwar ta ba ni kujera kusa da ita ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ta yi mini bayani a hankali, ba ta raina ni ba. Ta ce kowane mutum shafi guda suke buɗe masa. A sama a sa sunansa tsayayye, a ƙasa a jera laƙabinsa, da garinsu, da sana'arsa, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. Daga nan duk hoto ko murya ko takardar da ta shafe shi, a wannan shafin ake ɗaure ta, don ko bayan ranmu wanda ya nemi sunan ya ga komai wuri ɗaya. In kuwa mutum biyu suka haɗa suna, sai a raba su da sunan uba ko da shekaru.

Na sa yatsa ina bi, harafi harafi, yadda aka koya mana. Ga sunan a sama. A ƙasa an rubuta shugaban ƙungiya. Ga yarona cikin ruwa, ga shi yana dariya da laka a haƙora. Gurbin shekarar rasuwa kuwa babu komai, fari fat. Yaron da aka fita da shi a makara ina ji ina gani, an mayar da shi wani mutum mai tumbi da ke yawo a kan babur.

Na ce, "'Yata, ba ki tambaya ba?"

Ta ce, "Wallahi Mama na tambaya. Da na ga akwai shafi da sunan, na ce wa Ciyaman shi ne a hoton ko wani ne. Ya ce in haɗa kawai." Ta ce gyaran ba wuya, amma abin da ke kan shafin yanzu da bakin ɗan gida aka rubuta shi, don haka sai wani ɗan gidan ya zo an naɗi shaidarsa: ya faɗi sunan mamacin, da sunan mahaifinsa, da shekarar da ya rasu.

Sunan mahaifinsa. Wato sunan mijina ke nan, wanda shi ma ban taɓa kamawa ba.

Daga nan ban nufi gida ba. Na bi gefen kanal har rumfar da ake loda kwandunan tumatir, don na san can Ciyaman yake yini. Yana zaune a kan benci, direbobi da 'yan dako sun kewaye shi. Da ya hango ni ya miƙe.

"A'a, Inna, da kanki? Ai da kin aiko."

Na ce, "Hotunan ƙaninka na zo tambaya."

Ya yi dariya ya gyara hula. "Haba Inna, ai duk gida ɗaya ne. Sunan Baba ne ya fito, mu duka aka ɗaga. Kuma ni ma ai na shiga ruwan nan."

"Ka shiga? Kai da ka tsaya a kan gaɓa da farar shadda kana tsare wa mutane takalma?"

Wani direba ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ciyaman, ashe tun da can shugabanci kake yi." Saura suka ɗauka.

Na ce, "Kuma yaushe ka koma bahago? Ni na yi ta fama da hannun yaron nan a bakin kwano, ban ci nasara ba. Kai da dama kake karɓar gaisuwa, da dama kake karɓar komai."

Dariyar ta ƙaru. Na ga fuskarsa ta canza, sannan ya saki wani murmushi da ba zan manta ba. Ya rage murya, cikin ladabi kamar mai neman albarka, ya ce, "To Inna, in ba ni ba ne, wane ne? Faɗi sunansa mana. Ga mutane, su shaida."

Kowa ya zuba mini ido. Na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, na san shi fiye da nawa, amma ya ƙi fitowa. Na sunkuyar da kai a gaban mazan nan. Shi kuwa ya juya ya ce a ba Inna tumatir ta kai gida.

A nan na gane ba kuskure ya yi ba. Tun ranar da ya shigo gidana da budurwar ya san ba zan buɗe baki ba. A gabana ya girma, a kwano ɗaya suka ci tuwona shi da marigayin, ya san kunyata ciki da waje, ita ya taka ya hau. Ban taɓa tumatirinsa ba. Na juya na taho gida.

Da maigidana ya dawo daga sallar magariba na ajiye masa abinci na gaya masa komai. Na ce gobe ya je ya ba da shaida, magana ce ta minti kaɗan. Ya ajiye cokali.

Ya ce, "Ruwan gonarmu a hannunsa yake, kin sani. Kuma ɗan yayana ne. Wanda ya rasu ba hoto yake buƙata ba, addu'a yake buƙata."

Na ce, "Malam, addu'a kullum ina yi masa. 'Yarsa fa? Ita tana raye."

"Yarinya ce, za ta manta."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Ya ce a bar maganar. Tun da aka kawo ni gidan nan, in ya ce a bar magana barinta nake yi. Ran nan ma haka na yi, na kwashe kwanuka. Amma ina wanke su ina jin haushin kowa: na Ciyaman, na mijina, na dattawan da suka ga hotunan suka san gaskiya suka yi shiru saboda layin ruwa. Ni na riƙe sunan nan a ciki ne don girmamawa. Ban riƙe shi don wani ya zo ya tarar ba mai tsaro ya ɗauke ba.

Washegari da safe na yi wa jikata wanka, na sa mata kayan makaranta, na ce ta biyo ni. Maigidana yana zaure, ya bi mu da ido, bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. A ƙofar ofishin maza suna zaune a kan benci suna jiran a fitar da layin ruwa, Ciyaman yana tsakiyarsu. Na gaishe su na wuce.

Budurwar ta fahimci abin da ya kawo ni. Ta ce, "Mama, tunda kina rubutu, ko za ki rubuta a takarda ki sa hannu? Zan karɓa."

Na ce, "A'a. Kunna abin naki."

Ta kunna ta ajiye a gabana. Na riƙe hannun jikata. Na faɗi sunan ɗana, na ce ɗan wane, na kama sunan mijina, na faɗi shekarar da ya rasu. Na ce shi ne ya tara gayyar kachala, shi ne mai lauje a hagu, ni na haife shi.

Ta duba abin naɗar muryar ta ce, "Yi haƙuri Mama, bai ɗauka sosai ba. Ɗan ɗaga murya."

Na ɗaga. Na maimaita duka, tun daga farko, yadda hirar da ake yi a kan benci ta tsaya cak.

Ta buɗe sabon shafi a gabanmu, ta rubuta sunan a sama da na uban a gefensa, ta cike gurbin shekarar rasuwa, sannan ta kwance hotunan ɗaya bayan ɗaya ta ɗaura su a can. Na ce wa jikata ta karanta. Ta karanta da ƙarfi, ba ta yi tuntuɓe ba. Na gyara mata hijabi, muka fito ta gaban bencin, na raka ta har ƙofar ajinsu.