Keken Katako na Layinmu

A layinmu da ke bayan Ƙofar Guga akwai keken koyon tafiya guda ɗaya, na katako, mai taya uku. Babu wanda zai ce ga mai shi. Da yaro ya fara kama bango sai a aika a ɗauko shi daga gidan da yake, in ƙafa ta yi ƙwari ya wuce wani gidan. Mariƙinsa ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannuwan yara da koko da majina. Ba ya daɗewa a gida ɗaya, amma a namu sai da ya shekara ya sake shekara.

Ɗana na fari ne, ba na kiran sunansa, ko a nan ma ba zan rubuta ba. Shawara ta kama shi tun kafin suna, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa. Da ta sake shi muka ce shi ke nan. Amma wuyansa ya daɗe bai tsaya ba, zama kuwa sai na dasa shi cikin kwali na tokare shi da tsummoki. Lokacin da sa'anninsa ke bin kaji a tsakar gida, shi yana rub da ciki yana jan jiki da gwiwar hannu, ƙafafun na biye da shi a sandare, a harɗe kamar almakashi.

Keken ya shigo gidanmu a shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki. Motocin 'yan siyasa na wucewa da lasifika, yaron ya ɗaga kai yana neman inda ƙarar take. Maigidana, ɗan acaɓa ne, ya ɗaga shi sama ya ce, "Kafin a rantsar da farar hula, kai ma ka karɓi mulkin ƙafarka." Wasa yake yi, amma ni na riƙe maganar.

Sai na bari uwar mijina ta shiga ɗaki nake farawa, don in tana gani takan ce, "Ke, ɗan fari ne fa, rage rawar jikin nan. Ubansa ma ya yi nawar tafiya." Nakan tokare tayar gaba da dutse, in buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, don kullum a dunƙule suke, in ɗora su a mariƙin. Sai in durƙusa a bayansa, in raba gwiwoyin, in danna diddigensa ƙasa da babban yatsana, yadda wata ma'aikaciya ta nuna mini a wurin gashin ƙashi a asibiti. Da na saki, diddigen ya koma sama, ya tsaya a kan 'yan yatsu yana makyarkyata, ya sulale jikina yana dariya. Shi a wurinsa wasa muke yi.

Ma'aikaciyar nan ta taɓa ja mini kunne. Ta ce, "Kar ki sama masa hanya mai sauƙi. Ranar da ya samu yadda zai je inda yake so ba da ƙafa ba, ya daina nemanta."

Aka rantsar da farar hula, maigidana ya ji a rediyo, bai dubi inda muke ba.

Ana nan sai maƙwabciyata ta leƙo. 'Yarta an haife ta ne ɗana yana cikin kwali.

"Amarya, keken nan aure ya yi a gidanku? Ko ganin gida ba ya zuwa?"

Na yi dariya na miƙa mata. Bai yi wata ba ya dawo. Yarinyar ce da kanta ta shigo da shi, tana tafe tana jansa ta baya da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da ƙosai.

Yaron yana ta tsawo, keken yana nan yadda yake. Har ta kai in na tsayar da shi sai ya duƙa kafin ya kama mariƙin. Na goya shi, na ɗauki keken zuwa wurin wani tsohon kafinta da ke gindin ganuwa, ya ƙara masa katako ya ɗaga shi. Ban yi shawara da kowa ba. Da aka sake aikowa aro, sai aka dawo da shi a ranar, wai ya fi ƙarfin jarirai, hannunsu ba ya kaiwa. Matan layi suka haɗu aka yi sabon keke. Babu wadda ta yi mini faɗa, kuma ba a ƙara aikowa ba. Da ma faɗan aka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Karo na biyu da na koma don a ƙara tsawon, ina da ciki, ƙafafun yaron kuma suna dukan bayan gwiwata in na goya shi. Tsohon ya dubi keken, ya dubi goyon, ya ajiye zarto.

"Ɗiyata, in faɗa miki magana, ba za ki ji haushi ba?"

"Faɗi, Baba."

"Tayoyin nan masu kyau ne. In cire su, in ƙara ɗaya, in sa a faffaɗan katako. Ya zamna bisa ya tura da hannu, ya je ko'ina."

"Irin na guragu?"

"Irin na masu zuwa inda suke so."

"Ɗana ba gurgu ba ne, Baba. Nawar tafiya yake yi."

Bai musa mini ba. Ya ƙara tsawon kamar yadda na ce, na dawo gida ina kuka a cikin mayafi.

Ciki ya tsufa, goyo ya gagare ni. Durƙuson ma sai da dabara. Wata ranar Juma'a da hantsi na bar shi a tabarma ina wanki, yara suna ta ihu a waje suna bin wata motar talla. Da na waiwaya ba ya nan. Na bi sawun jan cikinsa a ƙasa, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure, har dokin ƙofa. A nan na same shi, haɓarsa a kan dakali, gwiwoyin hannunsa sun saɓule, jini ya cakuɗe da ƙasa. Yana kallon yaran yana ƙyalƙyata dariya, yana kiransu da irin maganarsa da ni kaɗai nake ganewa. Ko ɗaya bai juyo ba, sun riga sun sha kwana.

Na wanke masa ciwon da ruwan gishiri. Washegari na aika wa tsohon da keken, ban iya zuwa da kaina ba.

Da aka kawo katakon mai tayoyi, ubansa ya ɗora shi a kai, ya zura masa tsofaffin silifas a hannu. Ya tura sau ɗaya ya tsorata, ya sake turawa. Kafin la'asar ya fita zaure da gudun da ban taɓa ganin ya yi ba, yaran layi suna rigimar wanda zai tura shi. Uwar mijina ta ce alhamdu lillahi. Ni ma na faɗa.

Tsohon ya haɗo da mariƙin, da ƙarin katakon nan biyu a jikinsa. Na jingine shi a bayan ƙofa. Da na haihu na yi arba'in na samu ƙarfi, na kafa mariƙin a jikin gado, na ɗauko yaron na buɗe yatsunsa zan ɗora. Ya janye hannunsa, ya sake jiki ya zube, yana nuna mini katakonsa da baki. Na gwada washegari, na gwada bayan sati. Ma'aikaciyar nan ba ta yi ƙarya ba.

Ƙanwarsa da sabon keken layi ta koyi tafiya, kuma bai daɗe a gidanmu ba.